Yadda Ake Gane Tsohon Tulun Gilashi Na Ado Da Shekarunsa

Tulun gilashi irin wanda ake sa furanni ko a jera a kabad don ƙawa yakan shigo hannun mutum ta gado ko daga kayan gwanjo, ba takarda ba tarihi. Akasarinsu daga waje suka zo, domin Masagan Bida, waɗanda suka shahara da aikin gilashi a ƙasar nan, an fi saninsu da duwatsun wuya da awarwaro. Ga tambayoyin da masu irin wannan tulu suka fi yi.

Daga ina ake fara dubawa?

Daga gindi. Ka shimfiɗa tawul, ka kifa tulun a kai, ka duba ƙasansa da hasken rana. Gilashin da aka hura da baki yakan zo da tabo a tsakiyar gindi, kamar cibiya. Mai aikin yakan hura narkakken gilashi a bakin dogon bututu, sannan ya manna sandan ƙarfe a gindin don ya riƙe tulun yayin da yake gyara bakinsa. Idan ya gama sai ya ɓalle sandan. In an bar wurin haka, za ka ji kaifi a yatsa. In an goge, za ka tarar da ɗan kwarmi zagayayye mai santsi.

Sai dai wannan tabo shaidar aikin hannu ce kawai. A tsibirin Murano na Italiya, inda hukumar Venis ta tattara masu aikin gilashi tun 1291, har gobe haka ake yi. Abin da ya fi nuna shekaru shi ne cin da gindin ya yi. Tulun da aka daɗe ana ja a kan tebur zai yi zobe na ƙananan ƙarce-ƙarce, wasu sun yi gabas wasu sun yi yamma, kuma a daidai inda yake taɓa tebur kaɗai. 'Yan damfara kan goga sabon tulu a siminti ko da samfefa, amma nasu ƙarcen duk hanya ɗaya yake bi, kuma yakan haura har inda tebur ba ya kaiwa.

Akwai siririn layi da ya taso daga ƙasa zuwa sama a gefen tulun. Me ke nan?

Wurin da ɓangarorin mazubi suka haɗu ne, wato abin da ake sa narkakken gilashi a ciki don ya ɗauki siffa. Ka zura yatsa ciki. Idan adon waje ya lotsa har ta ciki, a cikin mazubi aka hura shi. Idan ciki sumul yake alhali waje na da ado, danna gilashin aka yi da inji, dabarar da ta fara a Amurka a shekarun 1820, don haka tulun bai girmi wannan lokaci ba. Adon da aka danna yakan zo da dakusassun gefe, wanda aka yanka da dutsen wāshi kuwa kaifinsa a fili yake.

Launi na iya faɗin shekaru?

Yana taimakawa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya an yawaita zuba sinadarin manganis don gilashi ya fito fari tas, kuma irin wannan gilashi idan ya daɗe a rana sai ya juya ya yi ɗan shunayya mai haske. Wanda ya yi shunayya mai duhu sosai abin a yi hattara da shi ne, don ana iya sauya launin da gangan.

Gilashi mai ruwan ɗorawa da ya karkata zuwa kore, ka haska shi a ɗaki mai duhu da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi. In ya ɗauki kore shar, akwai sinadarin yuraniyom a ciki. A Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, aka fara yaɗa shi a shekarun 1830. Aikin ya ragu ƙwarai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da gwamnatoci suka riƙe yuraniyom, daga baya aka ci gaba.

Mai walƙiyar bakan gizo kuma iri biyu ne. Akwai na hannu mai tsada, irin na kamfanin Tiffany a Amurka da na Loetz a Bohemiya, daga shekarun 1890. Akwai kuma na danni mai araha da kamfanin Fenton ya fito da shi wajen 1908, wanda layin mazubi kan tona asirinsa.

An rubuta sunan ƙasa a gindin. Ya zan yi amfani da shi?

A ganina wannan ita ce shaida mafi amfani, domin ƙasashe na da ranar haihuwa. Daga 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigo da su, shi ya sa masana'antun Turai suka kama sa tambari. Idan ka ga Czechoslovakia, tulun na tsakanin 1918 da 1992 ne. West Germany na tsakanin 1949 da 1990 ne. Kayan Ingila masu tambarin rajista mai siffar daiman na tsakanin 1842 da 1883 ne, daga 1884 aka koma lambar rajista mai farawa da Rd. Wannan lamba tana nuna shekarar da aka yi wa zanen rajista, kuma ana iya ci gaba da ƙera shi shekaru bayan haka. Rashin tambari ba laifi ba ne, don da yawa takarda aka liƙa musu, wanki ya tafi da ita.

To sa hannun mai aikin fa? Ba shi ke nan ba?

Shi ne abin da na fi rashin yarda da shi, saboda shi ya fi sauƙin ƙirƙira. Émile Gallé na birnin Nancy a Faransa ya rasu a 1904, masana'antarsa ta ci gaba da aiki da sunansa har shekarun 1930, kuma na 'yan shekaru bayan rasuwarsa ana sa tauraro kusa da sunan. Ga kuma tarin kwaikwayo da aka yi a Romaniya, masu ɗauke da kalmar Tip a gefen sunan, wadda wasu dillalai kan goge. René Lalique, wani shahararren mai aikin gilashi na Faransa, ya rasu a 1945. Kayan zamaninsa R. Lalique ake rubuta musu, na bayansa aka cire harafin R, abin da ya sa wasu ke ƙara shi da hannu don kuɗi ya ninka. Ka duba gindi da launi da ingancin aiki tukuna. In suka saɓa wa sunan, su za ka gaskata.

Kumfa a jiki, da nauyi, da ƙarar da yake yi?

Kumfa ba ta tabbatar da tsufa, masu kwaikwayo ma da gangan suke sa ta. Nauyi da doguwar ƙara idan ka ɗan ƙwanƙwasa da farce alamar darma ce a cikin gilashin, wadda George Ravenscroft ya fito da ita a Ingila a shekarun 1670 kuma ake yi har yau.

In wanke shi kafin in nuna wa masani?

Da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a cikin robar da aka shimfiɗa wa tawul. Ruwan zafi na iya tsaga tsohon gilashi, soson ƙarfe kuma yana cinye ruwan zinare da fenti. Kada ka ɓare takardar da ke manne, kada ka kai a goge bakin da ya ɓantare, domin hakan na rage masa daraja. Ka ɗauki hoton gindi, da baki, da kowane rubutu daga kusa, sannan hoton tulun gaba ɗaya da rula a tsaye a gefensa.