Haɗurran Jan Tirelar Zango da Motar A-kori-kura

Tirelar zango ɗaki ne a kan tayoyi, mai gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa, wanda masu yawon shaƙatawa ke ɗaura wa mota su ja zuwa inda za su kwana. Ana yawan ganinta a Amurka da Kanada da Ostareliya, kuma a can a-kori-kura ce motar da aka fi jan manyan da ita. Babbar tirela cike da kaya kan kai tan 3 zuwa 5, wata ma ta haura haka, ke nan sau da yawa abin da ake ja ya fi mai jansa nauyi. Daga nan yawancin haɗurran suke tasowa. Injin a-kori-kura ta zamani yana da ƙarfin tayar da irin wannan nauyi ya kai shi babban gudu cikin sauƙi. Riƙe tirelar a kan hanya da tsayar da ita su ne aikin da kan gagari motar.

Nauyi da inda aka ɗora shi

Kowace mota tana da iyakoki da kamfani ya gindaya mata: nauyin da za ta iya ja, nauyin da za ta iya ɗauka a jikinta, nauyin da kowane aksul, wato sandar da tayoyi ke kai, zai jure, da jimillar mota da tirela. Mai saye yakan riƙe adadin farko kawai, domin shi ake kururutawa a talla. A da kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa, sai da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'aunin J2807, wanda Toyota ta fara bi, Ford da General Motors da Ram suka biyo baya a ƙananan a-kori-kurarsu samfurin 2015. Ma'aunin ya rage zuzutawa. Sai dai iyakar da ta fi saurin cika ita ce ta biyu, wadda ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.

Ga misali. Mota ce da aka yarje mata ɗaukar kilo 700, za ta ja tirela mai kilo 3,500. Idan kashi 13 cikin 100 na nauyin tirelar ya sauka a kan mahaɗi, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, an ci kilo 455. Ƙarfen mahaɗin kansa ya ci wajen 40. Abin da ya rage bai wuce kilo 205 ba, kuma a ciki ne za a saka direba da iyalinsa da duk abin da aka jibga a bodi. Motar ta wuce ƙima tun ba a bar ƙofar gida ba, alhali a takarda ba ta kai iyakar janta ba. Ƙari a kan haka, nauyin da ake rubutawa a tallar tirela na wadda babu komai a cikinta ne. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ga tukwanen gas, ga batura, ga abinci da janareta.

Idan nauyi ya danne bayan mota, gabanta yakan ɗaga. Tayoyin gaba, waɗanda sitiyari da kaso mafi tsoka na birki suka dogara da su, sai su rage kama kwalta. Akwai mahaɗi mai sandunan ƙarfe da ke mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa aksul ɗin gaba da tayoyin tirela. Yana gyara tsayuwar mota sosai in an saita shi daidai, amma ba ya ƙara mata iyakar da kamfani ya yanke.

Lilo

Lilo shi ne mafi muni, kuma shi ya fi kifar da motoci. Tirela takan fara kaɗa baya hagu da dama, kamar jelar kifi. A ƙaramin gudu kaɗawar kan mutu da kanta bayan sau ɗaya ko biyu. Amma kowane haɗin mota da tirela yana da wani gudu wanda in an wuce shi kaɗawar ba ta mutuwa, kowace ta fi ta bayanta faɗi, har tirelar ta fizgi bayan motar ta juya ta, ko su naɗe, ko duka biyun su wuntsila. Cikin daƙiƙu kaɗan abin yake ƙarewa.

Abin da ke sauko da wannan gudu mai haɗari ƙasa shi ne rabon kaya. Ƙa'idar da masu ƙera tirela suke bayarwa ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan mahaɗi, wato kusan kashi 60 na kaya su zauna gaban aksul. Mutumin da ya ga bayan motarsa ya zauna, sai ya kwashe kaya masu nauyi ya mayar can ƙarshen tirela don mota ta miƙe, ya magance abin da ido ke gani ya sayo wanda ke kisa. Haka wanda ya ɗaura babur ko janareta a bayan tirela, ko ya cika tankin ruwan da ke bayan aksul. Nauyin da ke nesa da tsakiya, da zarar ya fara lilo, da wuya ya tsaya.

Siffar motar ma tana da hannu. Mahaɗin da ke bayan bamba yana da tazara daga aksul ɗin baya, kuma wannan tazara ce ke ba tirela damar murɗa motar. Gajeriyar mota mai jan doguwar tirela ta fi shan wahala. Shi ya sa tirelar da ake ɗaura wuyanta a cikin bodi, daidai saman aksul, ba ta cika lilo ba, ko da yake takan ɗora wa mota kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyinta, abin da ya fi ƙarfin yawancin ƙananan a-kori-kura.

A nan ne kuskuren direba ya fi tsada. Hannu yakan so ya murɗa sitiyari don gyara kaɗawar, amma kusan kullum gyaran yakan zo a makare, ya ƙara mata ƙarfi. Take birki da ƙarfi kuwa yana sa tirela ta turo motar daga gefe. Abin da ake koyarwa shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur, a matsa maɓallin birkin tirela da ke cikin mota da hannu domin ta ja baya ta miƙar da haɗin. Wanda bai taɓa gwada maɓallin nan a fili ba, da wuya hannunsa ya same shi a lokacin firgici. Tun daga samfurin 2012 doka a Amurka ta wajabta na'urar daidaita tafiya a motocin da ba su wuce kilo 4,536 ba, kuma da yawa suna da tsarin da ke gane lilo ya taɓa birki da kansa. Taimako ne na gaske, sai dai ba ya gyara lodin da aka yi ba daidai ba.

Iska da gudu

Tirela mai tsawon mita 9 da tsayin mita 3 bango ce mai faɗin fiye da murabba'in mita 20. Iskar da ke bugowa daga gefe a kan gada ko a buɗaɗɗen fili tana iya tayar da lilo, haka ma babbar mota idan ta zo wucewa: ta fara tura tirelar waje, sannan ta zuƙo ta ciki. Gudu ne ke ƙara wa duk waɗannan ƙarfi. Daga kilomita 80 a awa zuwa 110, ƙarfin da birki zai kashe ya kusa ninkawa. Don haka jihar Kalifoniya ta taƙaita masu jan tirela a mil 55 a awa, Birtaniya mil 60 a manyan tituna, Jamus kuwa kilomita 80, sai wanda ya sami izini na musamman ya kai 100.

Birki da gangara

Manyan tirelolin zango a Arewacin Amurka birkin lantarki gare su, wanda wata na'ura a cikin mota ke sarrafawa. In an saita ta da rauni, birkin mota kaɗai zai ɗauki nauyin duka biyun. In an tsananta, tayoyin tirela su ƙame su zame, musamman a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Wani lokaci filogin da ke haɗa wayoyin ne ya yi tsatsa ko ya zare, tirelar ta kasance ba birki sam, direba bai sani ba sai ya buƙace shi.

Doguwar gangara a cikin tsaunuka ita ke tona asirin birki. Direban da ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama yana tara zafi har faifan ya daina kamawa, ko man birki ya tafasa feda ta nutse. Wari yakan riga mutuwar birkin zuwa. Hanyar da ta dace ita ce a sauko da giya tun kafin a fara gangarawa, inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki a saki domin ya sha iska. Gangara kuma ita ce inda lilo ya fi tashi, saboda a nan tirela ke turo mota.

Tayoyi da mahaɗi

Tayar tirela takan tsufa kafin ta cinye, domin watanni take yi a tsaye cikin rana. Zanenta yana nan kamar sabo, roba kuwa ta tsattsage. Lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT da aka buga a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Da yawa daga cikin tayoyin tirela a Amurka an yi su ne don gudun da bai wuce mil 65 a awa ba. Ƙarancin iska da lodi da zafin kwalta in sun haɗu, fashewa ce ke biyo baya. Boris da ya rasa giris da notin da ba a ɗaure ba kan sa taya ta fice ɗungurungum.

Kwancewar tirela daga mota galibi sakaci ne na minti guda: dunƙulen mahaɗi bai yi daidai da bakin tirela ba, misali mai inci 2 a inda ake buƙatar inci 2 da 5/16, ko ba a rufe makullin ba, ko ba a gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin wuyan ba. Akwai siririyar waya da ke kama birkin tirela idan ta ɓalle, amma tana aiki ne kawai in batirin tirelar yana da caji.

Direba

A yawancin jihohin Amurka lasin mota na yau da kullum ya isa mutum ya ja irin wannan tirela, Birtaniya ma ta soke gwajin jan tirela har kilo 3,500 a Disamban 2021. Ke nan mutum na iya hawa babbar hanya da haɗin da ya kai mita 15 ba tare da ya taɓa samun horo ba, kuma sau biyu ko uku a shekara yake tuƙa shi, lokacin hutu, bayan doguwar tafiya da gajiya. Irin wannan direba shi ke mantawa cewa tayoyin tirela suna yanke kwana ta ciki, ya sauya layi ba tare da dogon madubi ba, ko ya bi motar gabansa da tazarar da ya saba bari in ba ya jan komai. Auna motar da tirelar a sikelin manyan motoci, aksul bayan aksul, da kayan tafiya a ciki, shi ne kaɗai ke nuna masa ainihin nauyin da yake ja da yadda ya rabu.