Uwargida, Dunƙule Nawa Kika Jefa a Faten Dankalin Nan?

Iyayena mata da 'yan'uwana masu riƙe da madafi, yau da ku nake. Sanyi ya kankama, kabeji ya yi araha har a baro ake tallansa, ga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi jibge a kasuwa. Gida-gida an ɗora faten dankali da kabeji, a sha da zafinsa da daddare a ji ɗumi. Madalla. Ni ce ma kullum nake roƙonku ku ci ganye, don haka ba ni da faɗa da faten. Faɗana da abin da kuke ɓarewa kuna jefawa a ciki ne.

Babu ranar awo da za ta wuce ban ga irin wannan ba. Mace ce da ƙuruciyarta, ba ta kai arba'in ba, ta zo da ciwon kai ta ƙeya, ko jiri, ko ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A ɗaura mata abin awo, a ga jini ya haura 140/90 ya yi gaba abinsa. In ce, “Hajiya, yaya hannunki da gishiri?” Nan take za ta ce, “Wallahi Malama ni ba na cin gishiri, ɗan kaɗan nake barbaɗawa.” In ce, “To dunƙule fa, nawa kike sa wa a tukunya ɗaya?” Sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Takwas. Goma. Wata ma ba ta ƙirgawa, hannu kawai take zurawa a leda ta damƙo.

To ku ji da kyau, don na gaji da maimaitawa: dunƙule gishiri ne. Ƙaramin nan da kuke saye nauyinsa wajen giram 4 ne, kuma kusan rabinsa ko fiye gishiri ne tsantsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada gishirin da zai ci a yini guda ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Wannan kuwa har da na karin kumallo, da na rana, da na dare, da na tsiren da maigida ya shigo da shi. Yanzu ki yi lissafi da kanki. Dunƙule goma a tukunya, giram 20 ke nan na gishiri. In ku takwas ne a gidan, kowa ya kwashi rabin rabonsa na yini daga dunƙule kaɗai, a kwano ɗaya. Ba a zo kan gishirin da kika zuba a tafashen nama ba. Ba a zo kan farin magi ba. Ba a zo kan yajin da kowa zai barbaɗa a sama ba, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Haba jama'a!

Wannan haɗi na dankali da kabeji da nama mai gishiri ba mu kaɗai muke yinsa ba. Mutanen ƙasar Ayalan sun daɗe da shahara da shi, abincinsu ne na gargajiya, sai dai su da naman alade da aka adana da gishiri suke yi, abin da mu ba ruwanmu da shi. Amma akwai wata ɗabi'a ta masu girkinsu da nake so ku ɗauka: sukan jiƙa naman a ruwan sanyi ya kwana, ko su tafasa shi su zubar da ruwan farko, don gishirin ya ragu kafin ya haɗu da kabeji. Mu kuwa sai mu ɗauko soyayyen naman layya da ya riga ya sha gishiri da dunƙule, ko banda, ko busasshen kifi, ko naman gwangwani, mu zuba a tukunya yadda yake, sannan mu sake bin sa da wani dunƙulen kamar ba a taɓa sa masa komai ba.

Sai kuma maganar da nake yawan ji, wai in gishiri ya zarce a jefa dankali ya tsotse. Ko da ya tsotsa, Hajiya, wa zai ci dankalin? Ai fate kike yi. Ke da 'ya'yanki za ku cinye shi.

Kanwa ma ba zan ƙyale ta ba. Da yawanku kuna jefa ta a markaɗe don ta kashe tsamin tumatir. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Yau shekara nawa ke nan, har yanzu ana dama wa maijego kunun kanwa, a kawo mata farfesu mai dunƙule goma a kai, wai ana gyara ta. In tsamin tumatir ne damuwarki, ki bar shi ya soyu sosai a wuta kaɗan-kaɗan, ki yawaita albasa, ki goga karas a ciki. Tsamin zai tafi.

Na san ba mugunta ce ke sa ku ba. Na san wahalar da ake ciki. Nama ya yi tsada, kuɗin cefane bai taka kara ya karya ba, dunƙulen shi ne yake rufa wa tukunya asiri. Na kuma san wata ba don kanta take yi ba, tsoro take ji kada ranar girkinta a ce abincin ɗakin can ya fi nata daɗi. Duk na sani, ni ma mace ce. Amma ina so ki zo ki ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, sai an kwantar sai an tayar. Ki tambayi masu kai ɗan'uwansu wankin ƙoda abin da suke kashewa duk mako. Wa yake jinyar? Ke ce dai. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana yawonsa lafiya lau har ranar da zai yanke jiki ya faɗi, sai a ce iska ce ta buge shi a banɗaki, a tafi neman hayaƙi.

Ku kuma maigida, Alhaji, Malam, ban manta da ku ba. Rabin laifin nan naku ne. An kawo abinci ko ɗanɗanawa ba ka yi ba, ka ce a miƙo gishiri. An rage dunƙule kwana biyu ka ture kwano, ka ce an ba ka lami kamar mara lafiya. Ita kuma don a zauna lafiya gobe ta ninka. Wasunku ma kuna kan maganin hawan jini, kuna haɗiyar ƙwaya da safe kuna rushe aikinta da daddare, sannan ku dawo ku ce mana maganin ba ya aiki. Harshe sabo ne da shi. In aka rage a hankali, cikin 'yan makonni zai saba, har ka ci abincin biki ka ji gishiri ya yi maka yawa.

Faten kuwa yana daɗi ba tare da wannan ɓarnar ba, kakanninmu da daddawa suka yi suna. Ki soya albasa mai yawa a ɗan mai har ta yi ja, ki sa tafarnuwa da citta ɗanya da kika daka, ki zuba jajjagen attarugu da tattasai da tumatir ya soyu. Daddawa ta shiga a nan, da ɗan masoro. Ruwan tafashen nama shi ne ruwan fatenki, kada ki zubar, sai dai in naman mai gishiri ne, to shi kam ruwan farko a zubar. Ki zuba dankali ya nuna har ya fara farfashewa, shi zai ba ki kauri. Kabeji a ƙarshe yake shiga, minti biyar ya ishe shi, ki sauke yana da sauran kore da ɗan garas-garas. Wannan dafa shi da kuke yi har ya zama lugub ya canza kala, amfaninsa kuke kashewa. Sai bayan duk wannan za ki ɗanɗana, sannan ki yanke shawarar gishiri. Ba tun ruwa bai tafasa ba ki fara ɓare dunƙule.

Ga sauran a taƙaice:

- In goma kika saba, wannan makon ki koma bakwai, na gaba biyar, ki yi ta sauka. Kada ki sanar da kowa.
- Zaɓi ɗaya: ko dunƙule ko farin magi ko gishiri. Ba duka uku ba.
- Gishirin a auna shi da cokali, a daina ɗiba da hannu. A sayi mai sinadarin aidin.
- Nama ko kifin da aka adana da gishiri, a jiƙa, a zubar da ruwan.
- A ɗauke robar gishiri da ta yaji daga wurin cin abinci. Yajin gida a daka shi da ƙarancin dunƙule.
- Jariri da bai shekara ba, a ɗebar masa nasa kafin a sa gishiri.
- Kabeji a ɓare ganyen waje, a wanke da ruwa mai tsafta. In da ruwan gishiri kika wanke, ki ɗauraye.
- Dankalin da ya yi kore ko ya fitar da tsiro, a yanke wurin da zurfi. In ya yi yawa ko yana ɗaci, a zubar.

Mai ciwon ƙoda kada ya dage wa dankali sai ya tambayi likitansa, mai ciwon suga kuma ya rage dankalin ya yawaita kabejin. Wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, rage gishiri ba ya nufin an sallame ka, kuma zoɓo da tafarnuwa ba su maye gurbin ƙwaya. Mai ciki da ta ga fuska da hannu suna kumbura, ko kai na sara mata, ko tana ganin dishi-dishi, kada ta jira ranar awo, ta taho a ranar. Sauran ku kuma, duk wanda ya girma bai san awon jininsa ba, ya biyo ta asibiti mafi kusa, minti biyar ne. Ki zo da maigida, kada ki bari ya ce ke dai je ki.