Andemik: kalmar da ake liƙa wa palu, cin hanci da furen kan dutse

Tun bayan korona, kalmar nan ta Faransanci, endémique, ta samu wurin zama a bakin mutanen Yamai. Likita zai hau rediyo ya ce palu, wato zazzaɓin cizon sauro, andemik ce a Nijar. Ɗan siyasa zai ce cin hanci ya zama andemik, rashin aikin matasa ma andemik. Likita ya faɗi daidai, ɗan siyasa kuwa aro ya yi daga wurinsa, ba ni da ja da su. Inda raina ke ɓaci shi ne shirye-shiryen muhalli, musamman in 3 ga Agusta ta gabato, ranar da muke haɗa bikin ƴancin kai da dashen itatuwa. Nan za ka ji mai gabatarwa yana kira a dasa "itatuwanmu andemik, irin su gawo da aduwa da kuka". Wani kuma ya fassara ta da "abin da ya yi ƙaranci". Dukansu sun kauce, kuma kaucewar tana da illa.

Asalin kalmar daga Girkanci ne: "en", wato ciki, da "demos", wato jama'a ko yankinsu, wannan "demos" ɗin da ke cikin dimokuraɗiyya. Likitoci ne suka fara riƙe ta, suna nufin cutar da ta zauna a wuri ba ta tashi, saɓanin annobar da ke faɗowa ta wuce. A 1820 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, de Candolle, ya ɗauko ta daga likitanci ya kawo cikin nasa fannin, sai ma'anar ta karkata. A wajen likita, andemik na nufin kullum tana nan. A wajen masanin tsirrai, tana nufin babu shi ko'ina a duniya sai nan.

To a ɗora gawo a wannan ma'auni. Ɗan ƙasa ne, ba mai musu, manoman Tawa da Damagaram sun san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Amma ana samun gawo daga Senegal har Habasha, har kudancin Afirka. In ya ƙare a gonakinmu, Allah ya kiyaye, ana iya nemo iri a maƙwabta. Ƙaranci ma wani abu ne daban. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya ga ragowar itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. Kaɗaicinsa ya sa duniya ta san shi, amma irinsa na ƙaya ne da ke cike da dajin makiyaya daga nan har ƙasar Larabawa. An yi asarar alama da tarihi, iri kuwa bai ji komai ba.

Wanda yake son ganin ma'anar kalmar da idonsa, kan duwatsu zai duba. A tsaunukan Simien da Bale na Habasha, sama da mita 3,500, akwai wani tsiro da masana ke kira Lobelia rhynchopetalum. Yana tsaye cikin filin ciyawar da sanyi ke daskarar da ruwa da dare, rana kuma ta ƙona da tsaka. Yakan shafe shekaru yana tara ƙarfi cikin ganyensa, sannan ya fitar da doguwar sandar fure da ta fi mutum tsawo, ya zuba iri, ya mutu. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa. A wasu filayen yana da yawa, ka ga ba maganar ƙaranci ba ce, amma da ka sauko daga tsaunukan Habasha ba ka ƙara ganinsa. Me ya tsare shi? Zafin da ke ƙasa. Irinsa ko iska ta kwaso shi ta jefa a kwari, ba zai rayu ba.

Mu ma muna da irin wannan, sai dai ba mu cika maganarsa ba, domin mafi yawanmu a kudu ba mu taɓa hawa Abzin ba. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara kore take, da tafkuna da namun daji. Zanen raƙuman dawa da ke jikin dutsen Dabous a arewacin Agadas shaida ne. Da ruwa ya janye, tsirran da ba su jure fari suka mutu a fili, waɗanda suka tsira su ne na kan tuddai, inda ake samun ɗan sanyi da ɗan laima. Daga cikinsu akwai zaitun daji, Olea europaea laperrinei, ɗan'uwan zaitun da ake matse mansa a ƙasashen Bahar Rum. Yana nan Abzin, a duwatsun Bagzan da Tamgak, yana Hoggar ta Aljeriya, yana Jabal Marra ta Darfur, a wuraren da suka haura mita 1,400, cikin tsagin dutse da bakin ƙorama. Tsakanin wannan dutse da wancan akwai ɗaruruwan kilomita na rairayi da ba zai iya ƙetarewa ba. Shi ne andemik, kuma a lura: na duwatsun Sahara ne, ba na Nijar ita kaɗai ba. Kalmar ba ta cika sai an faɗi wurin.

Halin da wannan itace ke ciki ya isa ya tada hankalin duk mai kishin ƙasar nan. Da wuya ya yi ƴaƴa, da wuya kuma ka ga ƙarami da ya fito daga ƙwallo. Yawanci tsohon gindi ne ke ta tofo sabbin rassa, shekara bayan shekara, ta yadda abin da kake gani kamar itatuwa da yawa yana iya zama guda ɗaya tak mai tsufa ƙwarai. Awaki da raƙuma suna cin tohon, ba kuma zan ɗora wa makiyayi laifi ba, domin a shekarar fari ba shi da wani koren da zai nuna wa dabbarsa. Kusa da shi akwai ƙananan tsirrai masu fure da ƙamshi da ba su da girman da zai ja ido, irin su Lavandula antineae da ake samu a Hoggar da Tibesti ta Cadi. Abzinawa sun daɗe da sanin darajar ganyayen maganin da ke fitowa daga Bagzan. Wanda ya tsinki ganye ya bar saiwa, baɗi zai dawo ya samu. Wanda ya tuge da saiwa don ya cika buhu, ya rage abin da ba gandun renon itatuwa ko ɗaya a Yamai da ke da madadinsa.

Sai kuma ɗumamar yanayi. In kogin Isa ya cika, mutanen bakin ruwa sukan kwashe kaya su hau tudu. Haka tsiron dutse yake yi in zafi ya ƙaru, sannu a hankali yana matsawa sama. Amma ƙololuwar Bagzan, Idoukal-n-Taghès, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar, mita 2,022 ce. Daga nan sai sararin sama. Wannan ne ya sa andemik na kan dutse ya fi kowane shiga haɗari, ko da yau yana da ɗan yawa.

Akwai wata hanyar zama andemik da ba ta da daɗin ji. Raƙuman dawan Kure, da muke kai baƙi su gani, a da irinsu sun bazu daga Senegal har yankin tafkin Cadi. Farauta da fari suka share su ko'ina, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal, duka a Nijar. Da aka tsaya musu suka haura 600, a 2018 ma aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Mun zama mu kaɗai ke da su ne saboda sauran ƙasashe sun rasa nasu. Shi ya sa nake jin nauyi in na ji ana furta kalmar kamar kirari. Ni a kunnena amana take nufi.

Gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, an kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda rikicin arewa, ya shafe sama da shekara 30 a ciki. Duk Agusta muna dasa dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, inuwarsa kuma ta yi mana rana, ban raina ba. Amma ko mun dasa miliyan, bai maye gurbin gindin zaitun guda da ya bushe a Tamgak ba. Abin da zaitun dajin nan ke bukata shi ne shinge a kewayen ƴan gindayen da suka rage, yarjejeniya da makiyayan da ke kiwo a wurin kan lokacin shiga da fita, da yankan rassa a rena a gandu kafin tsofaffin su mutu. Kuɗin wannan aiki ba zai fito ba muddin masu raba kasafi suna jin "andemik" suna tuna gawon bayan gari.