Oshogatsu: abin da Japanawa ke nufi da sabuwar shekara

Oshogatsu shi ne bikin shiga sabuwar shekara a Japan. Asalin kalmar shogatsu ce, wato watan farko, sai aka ƙara mata "o" a gaba don girmamawa. A bakin mutane yau, kwana ukun farko na Janairu ake nufi, waɗanda ake kira sanganichi. Ofisoshin gwamnati kan rufe daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, jiragen ƙasa su cika maƙil da masu komawa garuruwan iyayensu. A da kalandar wata irin ta Sin suke bi, sai a 1873 gwamnatin Sarki Meiji ta koma kalandar miladiyya, bikin ya dawo 1 ga Janairu.

Wanda ke son gane al'adun wannan biki ya riƙe abu ɗaya: duka shirin tarbar baƙo ne. A aƙidar Shinto, addinin gargajiyar Japan, akwai abin bauta da ake kira Toshigami, wanda suka yi imani yana zagaya gidaje a farkon shekara da albarkar noma da lafiya. Don haka a share gida, a nuna masa ƙofa, a ba shi masauki da abinci, sannan a sallame shi. Da yawa daga Japanawan yau al'ada suka ɗauki abin, amma tsarin yana nan yadda yake.

Ana farawa da osoji, gagarumar sharar ƙarshen shekara, wadda a gargajiyance ranar 13 ga Disamba ake soma ta. Daga nan sai ado. A bakin ƙofa ana ajiye kadomatsu guda biyu, dama da hagu: gora uku masu tsayi daban-daban, da rassan itacen matsu mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa ko a tsakiyar hunturu, an ɗaure gindinsu da igiyar bambaro. Sama da ƙofa a rataye shimekazari, tufkar bambaron shinkafa mai fararen takardu, alamar cewa an tsarkake gidan.

Ranar kafa adon nan ita ce inda baƙi suka fi yin kuskure. Ba a kafawa ranar 29, domin tara a harshensu "ku" ce, kuma haka ake furta kalmar wahala. Ba a kuma kafawa ranar 31, saboda adon dare ɗaya ya yi kama da shirin jana'iza da ake yi cikin gaggawa, raini ne ga baƙon. Ranar 28 aka fi so, wanda ya makara kuma ya yi ranar 30.

Masaukin baƙon shi ne kagami mochi. Mochi shinkafa ce mai danƙo da ake turarawa a kirɓa a turmi har ta yi laushi kamar sakwara. Ana mulmula biyu, a ɗora ƙarama kan babba, a sa lemo mai ɗaci da Japanawa ke kira "daidai" a kai, domin sunansa ya zo ɗaya da kalmar "zuriya bayan zuriya".

Daren 31 ga Disamba ana cin toshikoshi soba, siririyar taliya doguwa. Tsawonta fatan tsawon rai ne, saurin tsinkewarta kuma fatan rabuwa da masifun bara, shi ya sa ake so a cinye kafin sha biyun dare. A lokacin ne wuraren ibadar addinin Buda ke buga ƙararrawa sau 108, adadin sha'awoyin da suka ce suna wahalar da ɗan Adam. A wurare da dama ana buga 107 kafin sha biyu, ta ƙarshe bayan shekara ta shiga. Ƙararrawar wurin ibadar Chion-in na birnin Kiyoto ta kai kimanin tan 70, malaman addini 17 ke haɗuwa su ja gungumen da ake dukanta da shi.

Gaisuwa ma tana da iyaka. Kafin sha biyun dare "yoi otoshi o" ake cewa, bayanta kuma "akemashite omedeto gozaimasu". Wanda aka yi wa rasuwa a shekarar ba a gaishe shi da ta biyun, ba a kuma aika masa nengajo, wato katin gaisuwar sabuwar shekara. Shi ne zai riga ya aika katin sanarwar makoki tun a Nuwamba ko farkon Disamba. Sauran mutane kuwa su kai katunansu gidan waya zuwa 25 ga Disamba in suna so a raba su da safiyar 1 ga wata.

Ziyarar farko zuwa wurin bauta sunanta hatsumode. Wurin bautar Meiji Jingu da ke Tokiyo kaɗai kan karɓi mutum wajen miliyan 3 cikin kwana uku. A wurin bautar Shinto ana wanke hannun hagu, sai na dama, a kurkure baki da ruwan da aka zuba a tafin hagu, a jefa kuɗi cikin akwati, a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa sau ɗaya. A wurin ibadar Buda ba a tafa hannu.

Abincin kwanakin nan osechi ne, a cikin akwatuna da ake ɗorawa bisa juna. Kowane abu da ma'anarsa: baƙin wake don ƙarfin yin aiki, ƙwan kifi don yawan 'ya'ya, jatan lande don a rayu har baya ya ranƙwafa irin nasa. Wanda ya ɗanɗana zai ji zaƙi da gishiri sun yi yawa, kuma da gangan ne, don abincin ya kwana uku bai lalace ba, masu girki su huta. Ana kuma shan miyar ozoni da mochi a ciki, mai kusurwa huɗu a yankin Tokiyo, mulmulalle a yankin Kiyoto da Osaka. Nan akwai haɗari na gaske: mochi na maƙalewa a maƙogwaro, kowace shekara kuma ana samun tsofaffin da ya shaƙe. Hukumar kashe gobara ta Tokiyo kan yi gargaɗi a yanka shi ƙanana, a jiƙa maƙoshi da shayi ko miya tukuna, kada a bar tsoho ya ci shi kaɗai. Yara kuwa otoshidama suke jira, sabbin takardun kuɗi a ƙaramar ambulan, irin goron sallah.

Ana cire ado ranar 7 ga Janairu a yankin Tokiyo, ranar 15 a yankin Osaka. Ranar 11 a yawancin ƙasar ake fasa kagami mochi, wanda zuwa lokacin ya bushe ya tsattsage. Ba a sa masa wuƙa, domin yanka na tuna da farke ciki irin na samurai, mayaƙan Japan na da. Da gudumar katako ko hannu ake farfasa shi, kuma "buɗewa" suke cewa. Wajen 15 ga wata a tara kadomatsu da tufkar bambaro a fili a cinna musu wuta, bikin da ake kira dondo yaki. Sun ce a cikin hayaƙin nan Toshigami ke komawa, yara kuma su soke mochi a kan dogayen sanduna su gasa a garwashin.