Kashe kyankyaso da fiya-fiya ba ya kawo ƙarshen alaji

Mutane da yawa sun ɗauka wai sai kyankyaso ya ciji mutum ko ya bi ta jikinsa sannan alaji zai tashi, shi ya sa da sun fesa magani sun ga gawarwaki a ƙasa sai su ce ai magana ta ƙare. Wallahi ba haka bane. Abin da ke tada atishawa da ƙaiƙayin ido da asma yana cikin kashinsa da yawunsa da ɓawon da yake saɓulewa, su bushe su zama ƙura, kuma ƙurar nan tana iya yin watanni a ɗaki bayan ya mutu, yaro yana ta shaƙa kullum. Feshin ma kansa yana tada asma, wannan shi yafi damuna.

Gara a sa maganin jel da suke ci su mutu, a toshe tsagogi, a gyara famfon da ke yoyo, a rufe abinci. Goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma, banda shara a bushe.

Maganin alaji da ake kira cetirizine yana rage atishawa da ƙaiƙayi amma baya maganin asma, mai shaƙewar numfashi yaje likita yayi masa gwajin fata ko na jini a bashi inhela.