Sakkwato Da Bahar Rum: Amsa Ta Ƙarshe Ga Masu Tambaya

Tun ranar da na ambata a majalisa cewa ana kwaikwayon Bahar Rum, tekun da ke tsakanin Afirka da Turai, a kwamfuta, tambayoyin nan suke bi na har ƙofar masallaci. Ga amsa, a bar ni in huta.

Mene ne kwaikwayon?

Ana yanka tekun gida-gida kamar gurabun dara, a ba kowane gida zafinsa da gishirinsa da gudun ruwansa, kwamfuta ta lissafa yadda za su sauya cikin shekaru masu yawa. Shi ke nan.

Ba duba ba ne?

Lissafi ne. Haba jama'a.

Me ya sa sai an ware wa teku guda nasa?

Saboda a lissafin duniya baki ɗaya, gida guda kan kai kilomita 100, alhali mashigin Jibralta, ƙofar da ta haɗa Bahar Rum da Tekun Atilantika, inda ya fi ƙunci kusan 14 ne. Kuma ran tekun yana wannan ƙofa. Ruwan da rana take ƙafarwa ya fi wanda ruwan sama da koguna suke zubawa, don haka na Atilantika yake shigowa ta sama, mai gishiri da nauyi yake fita ta ƙasa.

Tafiyar ruwan tana canzawa da gaske?

Ta taɓa canzawa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, ruwan zurfin gabashin tekun da aka saba yana nutsowa daga Adiriyatik, ɓangaren da ke gabas da Italiya, sai ya koma fitowa daga Ijiyan, tsakanin Girka da Turkiyya. Kuma ruwa in ya ɗumama nauyinsa yana raguwa, sai ya yi kiwuyar nutsewa.

Malam, an ce ɗumamar tekun tana ƙara mana damina. In faɗaɗa gona?

To, a nan sai a yi a hankali, Baba. Akwai ƙamshin gaskiya: bincike ya nuna in Bahar Rum ya yi ɗumi, danshi yana ƙaruwa a iskar da ke tsallaka Sahara zuwa kudu, ya taimaki daminar Sahel. Amma ba shi kaɗai ke da magana ba. Ainihin iskar daminarmu daga Tekun Gini take tasowa, zafin Atilantika da Fasifik ma suna da hannu. Lissafe-lissafen kansu ba bakinsu ɗaya ba, kodayake da yawa sun karkata ga ƙarin ruwa a tsakiyar Sahel, da raguwarsa ta wajen Sanagal. Sannan ƙarin ruwa ba lallai ƙarin damin gero ba ne. Yana iya zuwa a tsaye, kwana biyu a watan Agusta, ya cika Gulbin Rima. Mutanen Goronyo ba su manta ambaliyar 2010 ba. Zafi kuma yana busar da ƙasa da wuri. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗaukar hasashen shekara talatin ko hamsin a auna shukar bana da shi. Don bana, ka saurari hasashen damina na NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ka tambayi malamin gona, ka riƙe iri mai saurin nuna. Kada ka ci bashin taki saboda wani zane da ɗanka ya nuna maka a waya. Amma kada ka tada hankalinka, ba wanda ya ce fari irin na 1984 yana ƙofa.

Teku zai iso Sakkwato?

A'a. Mun fi shi tudu da sama da mita 200.