Zaɓen Manhajojin Koyarwa da Jarrabawa ta Intanet a Manyan Makarantun Katsina

Zaɓen manhajojin koyarwa ta intanet aiki ne da malami yake yi tun kafin kwas ya fara. A nan yake yanke ta inda darasi zai bi ya isa hannun ɗalibi, da inda za a riƙa tambaya ana amsawa, da inda ɗalibi zai miƙa aikinsa, da yadda za a gwada shi a ba shi maki. Batun ya shafi mai koyarwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Al-Qalam ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, haka ma takwarorinsa na Dutsin-Ma da na Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, ko kwas ɗin ta intanet ake yin sa baki ɗaya, ko rabi a aji rabi a waya. Ma'aunin da ya fi aiki a wannan yanki shi ne wayar ɗalibi da datarsa da cajinsa. Yawan abubuwan da manhaja ta iya yi daga baya yake zuwa.

Asali

Karatu daga nesa ya girmi intanet a Arewa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da littattafan da ta buga take koyar da malaman firamare, sai a haɗu a cibiya a ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, ta bi irin wannan tsari, kuma tana da cibiyar karatu a Katsina. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, abin da ya sa ɗakunan jarrabawar kwamfuta suka yawaita. Rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020 shi ne ya tura malamai da yawa koyarwa ta waya ba shiri, akasarinsu ta WhatsApp.

Abin da ake fara aunawa

Mako ɗaya ko biyu kafin a fara, malami yakan sa wakilin aji ya tattaro masa amsar tambayoyi 5 daga kowane ɗalibi: wace irin waya gare shi, tasa ce ko ta aro, wane layi ne ya fi kamawa a unguwarsu, a ina yake caji, kuma wane lokaci ne yake samun sukuni. Amsoshin kan bambanta ƙwarai. Wanda ke zaune a Ƙofar Ƙaura ba ɗaya yake da malamin firamare da ke ƙaro karatu daga wani ƙauye na Baure ko Zango ba. A garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa, wani lokacin waya takan koma kan sabis ɗin Nijar. Matar aure mai amfani da wayar maigidanta sai dare take samun ta. Idan kaso mai yawa na aji ba su da kwamfuta, to duk manhajar da ba ta buɗewa sosai a ƙaramar wayar Android ta fita daga lissafi.

Sai lissafin data, wanda malamai da yawa kan tsallake. Bidiyon kai tsaye da ke jan megabit 1 a kowace daƙiƙa yana cin MB 450 a awa ɗaya. Kwas mai lacca awa 2 a mako, tsawon mako 12, zai ci wa ɗalibi sama da GB 10, kuma kwas guda ke nan a cikin takwas ko tara da yake ɗauka. Idan aka kashe kyamara aka bar murya kaɗai, awa ɗaya ba ta cika wuce MB 40 ba. Saƙon murya na minti 30 da aka naɗa aka matse yakan tsaya wajen MB 7, takardar PDF mai shafi 20 ta zallar rubutu kuwa sau da yawa ba ta kai MB 1 ba. Daidai ruwa daidai tsaki: wannan lissafi shi ke sa ƙwararru su gina kwas a kan rubutu da murya da gajerun bidiyoyi na minti 5 zuwa 8, waɗanda ɗalibi zai sauke sau ɗaya ya riƙa komawa gare su ko babu sabis.

Akwai kuma abin da ba ya hannun malami ko ɗalibi. A watan Satumba na 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki watanni kafin a maido. Kwas ɗin da kayansa ke saukuwa ana iya tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, ko a kai su shagon fotokwafi a buga. Wanda ya dogara da haɗuwar kai tsaye kaɗai kuwa tsayawa yake yi cak.

Manhajojin da aka fi amfani da su

WhatsApp ce kusan kowa ya riga ya iya, kuma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Ta dace da sanarwa da saƙon murya da amsa tambayar gaggawa. Illarta ita ce ba ta da tsari: darasin Litinin yakan nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, wanda ya shigo a makare ba lalle ya ga abin da aka tura kafin zuwansa ba, idan waya ta ɓata ko ta cika fayiloli sun tafi. Maganin da aka saba shi ne zaure biyu, ɗaya malami da wakilin aji kaɗai ke iya rubutu a ciki, ɗayan na tattaunawa. Telegram ta fi ta wajen ajiya, domin fayiloli a kan sabarta suke zama, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar, sabon shiga yana iya ganin na baya idan an buɗe masa, tana kuma da ƙuri'ar tambaya mai nuna amsar daidai nan take. Sai dai ɗalibai da yawa sai an sa su dole suke sauke ta.

Google Classroom, wadda ta fito a 2014, ba ta buƙatar makaranta ta mallaki saba. Malami yana buɗe aji, ya ba ɗalibai lambar shiga, ya jera darussa mako-mako, ya sa ranar rufe karɓar aiki, manhajar kuma ta nuna wanda ya miƙa da wanda ya makara. Kowane ɗalibi yana buƙatar asusun Google, galibi adireshin Gmail. Nan matsala takan fito: mutane da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu adireshin, ba su san kalmar sirrin ba, ko kuma sunan da ke kai laƙabi ne da ba ya cikin rajista. Shi ya sa ake sa kowa ya gyara sunansa ya haɗa da lambarsa ta makaranta tun makon farko. Akwatin ajiyar Google na kyauta GB 15 ne, babban aji mai turo hotuna yana iya cika na malami kafin zango ya ƙare.

Moodle ta fi su duka cika. Martin Dougiamas na ƙasar Ostareliya ne ya fitar da ita a 2002, kyauta ce, amma sai makaranta ta girka ta a kan saba ta kuma sa mai kula da ita. Tana da rumbun tambayoyi da littafin maki da tarihin duk abin da ɗalibi ya buɗe, manhajarta ta waya kuma tana bari a sauke darasi a karanta ba intanet. Yawancin ƙorafin da ake yi a kanta daga wajen girki yake. Idan ba a ɗaga iyakar girman fayil a saba ba, ɗalibi zai yi ta loda aikinsa tana ƙi. Idan aikin da saba ke maimaitawa da kanta lokaci-lokaci, wanda ake kira cron, ba ya gudana, sanarwa ba ta fita. Idan kuma sabar tana cikin harabar makaranta ba sola ba inbata, ɗauke wuta ɗauke aji ne. Malami shi kaɗai bai kamata ya ɗauki nauyin Moodle ba sai sashen kwamfuta na makarantar ya tsaya mata.

Zoom da Google Meet na haɗuwar kai tsaye ne. A tsarin kyauta kowannensu yana ɗaukar mutum 100, Zoom yana yankewa a minti 40, Meet a minti 60. An fi cin moriyarsu idan aka taƙaita su ga zaman tambaya da amsa sau ɗaya a mako, kyamarori a kashe, a naɗi zaman a tura wa waɗanda ba su samu shiga ba, a kuma kauce wa lokutan salla da yammacin azumi.

Kwas guda bai cika buƙatar fiye da uku ba: gida ɗaya na darussa da maki, zauren sanarwa, da wurin haɗuwa. Duk manhajar da aka ƙara, an ƙara wa ɗalibi kalmar sirri da cin wuri a waya.

Gwaji da jarrabawa

A nan zaɓen ya fi wuya, domin maki ne ke kai mutum ga takardar shaida. A jami'o'in Nijeriya gwajin cikin zango yakan ɗauki kashi 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. A NOUN 30 ne da 70, kuma ta ƙarshen a cibiya ake zana ta gaban masu sa ido. Wannan rabo ya dace da halin da ake ciki: ƙananan gwaje-gwaje a waya daga gida, babbar jarrabawa a ɗakin kwamfuta da katin shaida. Manhajojin sa ido ta kyamara suna buƙatar kwamfuta da intanet mara yankewa, suna kuma iya ɗaukar katsewar sabis ko giftawar yaro a tsakar gida a matsayin alamar maguɗi.

Google Forms tana yin tambayoyin zaɓi ta yi maki da kanta, tana juya jerin tambayoyi, tana hana mutum amsawa sau biyu idan an tilasta shiga da Gmail. Amma ba ta sa wa kowane ɗalibi agogonsa, kuma tambayoyin kowa iri ɗaya ne. Mutum biyar na farko da suka gama sun isa su watsa hoton amsoshi a zauren da malami ba ya ciki. Moodle tana rage wannan ta hanyar rumbu. Malami ya rubuta tambayoyi 100 zuwa 150, ya kasa su bisa babi da kuma wahala, ya umarci manhajar ta ɗebo wa kowane ɗalibi 20, misali 4 daga kowane babi cikin biyar. Idan ba a kasa su ba, wani zai faɗa kan masu sauƙi zalla, wani kan masu wuya, makin ya zama na sa'a.

Agogon Moodle a kan saba yake gudana, saboda haka ko sabis ya yanke lokaci yana tafiya. Ana rage ɓarnar da matakai huɗu. A buɗe gwajin na tsawon awa 12 ko 24, amma wanda ya shiga a ba shi minti 25 ko 30. A sa tambaya ɗaya ko biyu a shafi, domin amsa tana ajiyuwa duk lokacin da aka juya shafi. A zaɓi cewa idan lokaci ya cika manhajar ta miƙa abin da aka amsa da kanta. A kuma ɓoye amsoshin daidai har sai an rufe gwajin ga kowa. Buɗewa mai tsawo tana da wani amfanin, domin ɗalibi 500 su danna a minti ɗaya yana iya durƙusar da ƙaramar saba. Wanda sabis ya yanke masa da gaske ana iya ƙara masa lokaci ko dama ta biyu shi kaɗai, bayan an duba tarihin shigarsa. Wasu malamai kan yi gwaji 6 su ɗauki mafi kyau 4, abin da ke rage zaryar neman uzuri a ofis. Bayan gwaji, shafin ƙididdiga yana nuna kason da ya ci kowace tambaya. Wadda haziƙan aji suka faɗi alhali raunana sun ci, a sake duba ta, galibi amsar da aka saka ce ba daidai ba.

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, aikin gida irin na "yi bayani a kan kaza" ya rage daraja a matsayin ma'auni. Manhajar Turnitin tana gano rubutun da ya yi kama da wanda ke rumbunta, amma manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira suna kuskure, bai kamata a kayar da ɗalibi da hukuncinsu kaɗai ba. Abin da ya fi tasiri shi ne a ɗaure aikin da wurin da ɗalibi yake: mai karanta tattalin arziki ya bi farashin gero a kasuwar garinsu mako huɗu, mai karanta ilimi ya naɗi darasin da ya koyar a ajinsa. Sai a biyo da kiran waya na minti 3 zuwa 5 ana tambayarsa a kan abin da ya miƙa. A babban aji ana iya kiran kaso ɗaya cikin biyar ta hanyar ƙuri'a.

Rubutun Hausa da Larabci da lissafi

Mai koyar da Hausa yana da tasa matsalar. Idan manhaja ce ke makin gajeriyar amsa, ɗalibin da madannin wayarsa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ zai faɗi tambayar da ya sani. Ko dai a sa kowa ya ƙara Hausa a madannin Gboard, ko malami ya shigar da amsar ta siga biyu. A kwas ɗin ƙa'idojin rubutu kuwa, inda lanƙwasar ita ce abin gwadawa, madannin ya zama dole. Larabci yakan hargitse idan an cakuɗa shi da lambobi ko boko a layi ɗaya, don haka a duba tambayar a waya kafin a sake ta. Lissafi da zane an fi yin su da biro a takarda, a rubuta lambar makaranta a kan kowane shafi, a ɗauki hoto a haɗe shi PDF guda da bai wuce MB 2 ko 3 ba.

Bayanan ɗalibai da ajiyar maki

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi suna da lambar waya da makin ɗalibi. A zauren WhatsApp kowa yana iya ganin lambar kowa, abin da kan jawo wa ɗalibai mata kiran da ba su nema ba, kuma liƙa jerin maki da sunaye a can bai dace ba. A Classroom da Moodle kowa nasa kaɗai yake gani. Bayan kowane gwaji malami ya sauke makin a takardar Excel, ya ajiye kwafi a filashi, ya buga ɗaya ya sa hannu ya kai wa jami'in jarrabawa na sashe, domin takardar da aka sa wa hannu ita ake nema idan ɗalibi ya yi ƙorafin ɓatan maki bayan shekara biyu, lokacin da wataƙila an riga an goge kwas ɗin daga saba.